Ɗakin da Sekope Ba Ya Shiga

Talata, 9 ga Janairu, da safe

Silin ɗakina ya fara yoyo, daidai saitin gado. Na farka na tarar matashi ɗaya ya jiƙe sharkaf, sai na ɗora baho a kan katifa. Yanzu da baho nake kwana. Ba laifi, shi dai ba ya minshari.

Tun kafin mijina Manase ya tafi tsinkar lemu Ostireliya na gaya masa kwanon nan ya ci tsatsa. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sai ka ce wani abu aka rubuta a sama, sannan ya ce, "Kalolaine, bar shi. In na dawo a Disamba zan sauke shi gaba ɗaya." Disamba ta zo ta wuce. Duk mazan ƙauyen nan da suka tafi tare sun dawo kafin Kirsimeti, kowa da jakarsa da sabon tumbinsa, har da ƙanena Sekope. Mijina ne wai ya fi kowa iya tsinkar lemu, shi ya sa masu gona suka riƙe shi. Haka aka gaya mini, haka nake gaya wa duk mai tambaya. Zai dawo, kuma shi zai gyara.

Alhamis, 11 ga Janairu, da hantsi

Sekope ya zo duba yoyo. Wai duba. Ya tsaya a tsakar gida gindin gwanda, hula a hannu, ya turo matarsa Sulieti ciki ta zame masa ido.

Kafinta ne fa. Rabin rufin ƙauyen nan shi ya buga, kuma shinge ɗaya ne tsakanin gidana da nasa. Amma ƙanena ne. Tun yana ɗan shekara goma aka mayar da shi ɗakin samari na bayan gida, daga ranar bai sake taka inda nake kwana ba. Ba ya zama kusa da ni, ba ya furta zancen da ya shafi mace da namiji in ina wurin. Kunyar ɗan'uwa da 'yar'uwa kenan, haka muka tarar, ban kuma ce a daina ba. Ni dai katifata ce ke jiƙewa.

Sulieti ta shiga ta ɗaga kai, baki buɗe. Shi kuma yana ɗaga murya daga waje.

"Suli, ina tabon yake?"

"A sama."

"Na san a sama yake! Wajen taga ko wajen ƙofa?"

"To ai ya danganta da inda mutum ya tsaya."

"Girmansa fa?"

Ta yi nazari, har da riƙe haɓa. "Kamar kan alade. Amma ba babban alade ba."

Da wannan bayanin ƙanena ya kafa tsani ta waje, ya hau kwano, ya shafa kwalta inda ransa ya ba shi. Ya sauko yana goge hannu ya ce wa bishiyar gwanda, don ba ni yake kallo ba, "A gwada a gani."

Juma'a, 12 ga Janairu, da safe

An gwada, an gani. Na ƙara tukunya kusa da baho.

Lahadi, 14 ga Janairu, bayan coci

Rana tas yau, ko gajimare ɗaya babu. Dama sai ranar da dokar ƙasar nan ta hana ɗaga guduma ne sama take yin kirki. Ga kwano ya bushe, ga kafinta a cikin mawaƙan coci ya ware baki yana jan murya.

Fasto ya yi wa 'ya'yan ƙauye da ke ƙasashen waje addu'a, kowa da sunansa. Da ya zo kan Manase sai tari ya sarƙe shi. Matan sahun gaba, masu manyan huluna, suka waiwayo a tare, suka kuma mayar da kai kan littafin waƙa a tare. Ko a waƙar ba su taɓa haɗa baki haka ba. Na gyara zama na ce amin da ƙarfi, har yaron da ke barci a bayana ya farka.

Da rana Sulieti ta kawo abincin gidansu, gwaza da doya da ƙunshin ganye mai nama, har da cinyar alade guda. Kason 'yar'uwa haƙƙina ne a wurin Sekope, ba alfarma ba ce. Amma bana abin ya wuce kaso, ya koma irin abincin da ake kai wa gidan rasuwa. Na ce mata, "Suli, wa ya mutu?" Ta yi wata dariya mara daɗi ta fice, ta ma manta da kwanonta.

Litinin, 15 ga Janairu, da yamma

Na kira Manase. Ba a ɗauka ba. Gonar a daji take, waya ba ta kamawa sosai.

Laraba, 17 ga Janairu, da rana

Sekope ya dawo gindin gwandarsa. Ni ina bakin ƙofar kicin ina ɓare rogo, tsakaninmu filin da mota za ta juya.

Ya yi mini karatun ruwa. Wai ba inda yake ɗiga ba ne yake shiga. Yana iya shiga ta can ƙarshen rufi, ya bi katako a hankali, ya fito a kan gado. Sai an ɓalle silin ta ciki an bi sawunsa. Na ce to ya ɓalle mana, wa ya riƙe shi? Ya sunkuyar da kai.

"Akwai hanya, Kalo. In kin kwashe kayanki kin koma falo, ɗakin ya tashi daga ɗakin kwananki. Sai in shiga."

"In kwashe kayana daga ɗakin mijina?"

"Na ɗan lokaci."

"Ya dawo ya tarar na yi ƙaura, in ce masa me? In ce ruwa ya kore ni?"

Ya ci gaba da murza hular nan kamar zai matso mata mai. Sai na ajiye wuƙa na tambaye shi abin da ke cina tun ranar da ya sauka.

"Kope, ɗaki ɗaya kuka zauna da shi a can. Da za ka taho me ya ce ka gaya mini?"

"Yana lafiya."

"Ban tambayi lafiyarsa ba."

Ya kalli sama. "Ruwan nan ba zai ɗauke ba kafin Maris."

Namijin da ke ɗaga gungumen katako shi kaɗai, harshensa ne ya fi ƙarfinsa. Na tsani wannan sunkuyar da kan. Tun muna yara haka yake, in ya fasa abu sai ya tsaya yana kallon yatsun ƙafarsa har wani ya gano da kansa.

Asabar, 20 ga Janairu, da yamma

Ashe yoyon ɗakina ya kai zauren da maza ke taruwa shan kava, jiƙon saiwar nan mai kashe jiki. Jiya duk sun zama masana rufi. Mutanen da gidajensu leda da dutse ke riƙe da su, kowa yana da shawara. Ɗaya daga cikinsu, Taniela, wanda matarsa ta gudu bara, har ya tako ƙofar gidana da safe, ya sha mai a gashi, wai ya ji an ce ina buƙatar namiji da tsani.

Na ce masa, "Ka ji daidai rabi. Ajiye tsanin ka tafi."

Wani ƙato a ɗakin kwanana, mijina ba ya gari? Kafin ya sauko daga tsani labari ya kai kasuwar babban birni, Nuku'alofa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ya ga har ya isa ya zo. A Nuwamba ba zai yi gigin haka ba.

Litinin, 22 ga Janairu, da hantsi

Luseane ta zo, yayar Manase. Ta shigo kamar kullum, ba sallama, ba cire takalmi, ta wuce kai tsaye ɗakin kwana. Ita ai a al'adarmu ba ƙofar da ke rufe mata a gidan ƙanenta. Abin da duk ta gani ta ce ya yi mata kyau ya zama nata, kuma ita ke raɗa wa 'ya'yansa suna. Shekara goma sha tara da aurena ban ba ta wannan aikin ba, ita kuma ba ta taɓa bari na manta ba.

Ta kalli silin, ta kalli baho da tukunya, ta taɓe baki. "Haka kike zaune, Kalo? Mace ba ta iya kula da ɗaki ɗaya ba."

"Ƙanenki ne ya ce a bar masa."

"Uhm."

Sai ta ɗaga katifa. Duk dukiyata a nan take shimfiɗe, kamar ta kowace mace: tabarmin aurena, da zannuwan ɓawon itace da na buga da hannuna. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa, wai danshi take dubawa. Ba ta taɓa manyan ba. Hannunta ya tafi kai tsaye kan ƙaramar farar tabarmar nan mai laushi, wadda mahaifiyata ta saƙa kafin ta rasu don a kwantar da jikanta na fari. Ko a rana ban cika shanya ta ba, don kada mutane su gani su fara tausayina.

"Wannan zan tafi da ita, kada ruwa ya lalata ta."

"Sauran fa? Su ruwa ba ya cin su?"

"Wannan ta fi laushi."

Ta naɗe ta ta sa a hammata. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Manase dai ya yi ƙiba, kumatu sun fito." Na ce a ina ta gan shi? Ta ce a waya mana. Ashe a gidan Luseane waya tana kamawa.

Na bi ta da ido har ta sha kwana, tana tafe tana girgiza jiki kamar agwagwa ta ƙoshi. Ban ce komai ba, ba a cewa. Na dawo na zubar da baho.

Laraba, 24 ga Janairu, da rana

Na kira. An ɗauka. Ba muryarsa ba ce, ba ma ta namiji ba ce. Da damina layuka suna harɗewa.

Juma'a, 26 ga Janairu, da safe

Silin ya yi ciki. Ya kumbura ya sauko, ya yi baƙi-baƙi da fumfuna, ɗakin duk warin tsumman da aka manta a bokiti. Baho, tukunya biyu, da kwanon da Sulieti ta manta. Kowanne da sautinsa, na ma fara gane wanda ya kusa cika da kunne.

Sulieti ta leƙo ta dafe ƙirji. "Kalo, don Allah ki daina kwana a ƙarƙashin abin nan. Kope ba ya iya cin abinci saboda ke."

"To ki rage masa, ya huta da tumbi."

"Wallahi da gaske nake. Ki dawo gidanmu mana, ko falo ki koma."

"Ke in Kope ya yi tafiya, ƙaura kike yi daga ɗakinki?"

Ta buɗe baki za ta yi magana, ta rufe. Matar da ba a taɓa jin ta haɗiye zance ba, ko na cikin tukunyar maƙwabta, yau ita ce ke haɗiya har ana jin ƙarar maƙogwaronta. Dukkansu sun mayar da ni ƙwai, kowa yana lallaɓawa kada ya zama shi ya fasa.

Ina jin haushin Manase. Ina kuma kewarsa, kuma na biyun ne ya fi ba ni haushi.

Lahadi, 28 ga Janairu, bayan coci

Rana tas, mana. Fasto ya yi addu'ar matafiya, wannan karon bai yi tari ba. Tsallake sunan ya yi kawai.

Talata, 30 ga Janairu, da yamma

Na je zauren coci wurin saƙa, don na gaji da sauraron tukwane. Tun daga waje nake jin shewa. Ina sa ƙafa aka yi tsit, kowa ta duƙufa kan tabarmarta kamar yau ta fara koyo. Sannu Kalo, sannu Kalo, ya yoyo? Mata goma sha wani abu, ba wadda ta taɓa damuwa da ciwon kaina, yau duk rufina ne ya hana su sakat.

Sai tsohuwa Fane, wadda kunnenta ya mutu tuntuni kuma ba ta ga shigowata ba, ta ɗora daga inda aka tsaya, da muryarta ta kiran aladu:

"Ni dai na ce Luseane ta iya zaɓen suna! Sunan ubansu ta sa wa yaron. Kuma tabarmar da ta aika a jirgi, irin wannan saƙar an daina ta!"

Wata ta zungure ta da gwiwar hannu. Fane ta ce, "Mene ne? Ƙarya na yi?" Sannan ta ɗago ta gan ni.

Na zauna na yi saƙata. Layi uku na yi masu kyau, sun fi na kowa a wurin. Ban tambayi ɗan wa ba, su ma ba wadda ta yi tari. Da na tashi na yi musu sai gobe ɗaya bayan ɗaya da suna, don kowacce ta ɗago ta kalle ni. Rabinsu sun kasa, matsorata.

Luseane ɗan'uwa namiji ɗaya gare ta a duniya. Na rubuta ne kawai don ya faɗo mini a rai.

Laraba, 31 ga Janairu, da safe

Ruwa.

Alhamis, 1 ga Fabrairu, da yamma

Ban kira ba.

Asabar, 3 ga Fabrairu, da yamma

Silin ya faɗo.

Ina bayan gida ina zuba wa aladu kwakwa na ji ƙarar, kamar an saki tankin ruwa daga sama. Sai ihun Sulieti daga shinge, "Kalo tana ciki! Kope, Kalo tana ciki!" Na zagayo da bokiti a hannu, ban yi sauri ba, don na san abin da zan gani.

Abin da ban zata ba shi ne Sekope. Ya tsallake shinge ba takalmi, ya ratsa falona, yana bakin ƙofar ɗakin kwana, hannu biyu a jikin katakon ƙofa, ƙafa ɗaya a sama. Yana kiran sunana da wata murya da rabon da in ji ta tun ranar da aka binne mahaifiyarmu. A cikin ɗakin ba a ganin gado, sai ruɓaɓɓen allo da laka da kashin ɓera.

Na ce, "Ga ni nan."

Ya juyo. Fuskarsa duk ruwa, kuma ba na sama ba ne. Ya janye ƙafar ya ja da baya har ya bugi kujera.

Na ce, "Da ina ciki fa? Da nan za ka tsaya kana kira har in mutu?"

"Da na shiga."

Karo na farko kenan da ya kalle ni cikin ido tun muna yara. Na ce ya je ya sa takalmi.

Lahadi, 4 ga Fabrairu, da rana

A falo na kwana. Ban je coci ba, su yi waiwayensu a kan kujera. Ta ramin silin ana hango kwano, ga huda nan ƙarama can wajen bango, nesa da gado, nesa da inda aka ɓarnatar da kwalta. Hudar da ko ɗan yatsana ba zai shiga ba.

Litinin, 5 ga Fabrairu, da hantsi

Da gari ya waye na kwashe kayana. Tabarmi, zannuwan ɓawo, tufafi, madubi, har tsintsiya. Biyu daga cikin tabarmin sun tafi, sauran za su bushe. Na jera komai a falo ta gefen taga, na share ɗaya gefen na bar shi fili. Kayan Manase ban taɓa ba, na bar su inda ya bar su. Sannan na kira Sulieti ta shinge na ce ta gaya wa mijinta ɗakin ba na kwanan kowa ba ne yanzu.

Ya zo da guduma da kwali. Ya tsaya a bakin ƙofar, ya ce "gafara" a hankali duk da ba kowa a ciki, ya shiga. Na zauna a falo ina jiran ƙarar guduma, ba ta zo ba. Sai motsin buɗe akwati da rufewa.

Ya fito rungume da kwalin. Kwat ɗin coci a sama, an ninke shi da kyau, da tabarmar ado da ake ɗaurawa a ƙugu, da takalma, da reza. Ya zo daidai filin da na share, bai rage tafiya ba. Ya wuce ya nufi ƙofar waje, inda motarsa take.

Na ce, "Kope, ga wuri na share."

Ya tsaya, bai juyo ba. "Gidan Luseane ya fi bushewa."

"In ya dawo zai ce an taɓa masa kaya."

Ina ganin bayan wuyansa, ina ganin yadda yake riƙe da kwalin kamar wani zai ƙwace.

"Ba wanda zai ce komai, Kalo."

Ya sa kwalin a mota ya tafi, ya dawo ba kwali. Sulieti ta zo ta zauna kusa da ni a ƙasa, ba ta ce uffan ba, kuma yau ban ji haushin shirunta ba.

Yana ciki yanzu yana ɓamɓare abin da ya rage na silin, ƙura tana fitowa ta ƙofa. Tun ɗazu nake neman wanda zan raina, ban samu ba. Manase ba zai dawo ba. Ƙanena ne ya gaya mini, kuma bai furta kalma ɗaya da ɗan'uwa ba ya furtawa a gaban 'yar'uwarsa ba.